Ido Daga Sama: Dabarar Masu Auna Teku Za Ta Amfani Kogin Kaduna

Duk wanda ya taɓa fakewa a rumfar wani shago a unguwar Kurmin Mashi da ke Kaduna, ranar da aka kece da ruwan watan Agusta kamar da bakin ƙwarya, ya san yadda al'amarin yake. Kafin a yi rabin sa'a lambatu ya cika ya batse, ruwa ya hau kan titi ja wur, yana ɗauke da ledoji da robobi da yashi, yana neman gangare. Masu shaguna su janye buhuna zuwa ciki, makanikai su ajiye sifana su tsaya kallo, iyaye mata kuwa su shiga ƙirga yara. Can an jima ruwa ya ɗauke, rana ta fito, kowa ya koma harkar gabansa.

Amma fa ruwan nan bai ɓace ba. Ya bi ƙorama ya faɗa Kogin Kaduna, ya gamu da na sauran unguwanni da kuma wanda ya taho tun daga tsaunukan Jos, sa'an nan ya nufi Jihar Neja, inda zai juya injunan lantarki na Shiroro da na Zungeru. Watau ruwan da ya hana mutumin Kurmin Mashi fita yau, mai yiwuwa shi ne zai kunna masa fitila nan gaba. Shi ne kuma, idan ya yi yawa, zai kwana a ɗakunan mutanen da ke zaune a bakin kogi.

To, nawa ne yawan wannan ruwa? Wane irin gudu yake yi? Ina zai fara shiga idan kogi ya tumbatsa? Waɗannan tambayoyi ba na malaman jami'a kaɗai ba ne, domin kuwa amsarsu ita ce ke raba tsakanin gargaɗin da ya zo a kan kari da jajen da ake yi bayan ɓarna. Akwai wata dabara ta samun amsar da ta bunƙasa a shekarun baya bayan nan a wani wuri mai nisa ƙwarai da Kaduna, watau gaɓar tekun Birtaniya, inda ake samar da lantarki daga cika da janyewar teku.

YADDA TEKU KE BA DA WUTA

Mutumin Arewa da bai taɓa zama a bakin teku ba zai yi mamaki idan ya ji cewa ruwan teku yakan ciko ya janye sau biyu a cikin kimanin sa'a 24 da minti 50. Abin da ke haddasa haka shi ne jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya. Cikowar takan fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika, wajen daren goma sha huɗu, saboda a sa'an nan ne wata da rana da duniya suke jeruwa a kan layi guda. Saboda haka mai lissafin kwanan wata na iya faɗin ranar da teku zai yi ƙarfi tun shekaru kafin ranar ta zo. Wannan tabbas shi ne abin da ya ja hankalin injiniyoyi, domin iska takan ɗauke, gajimare yakan rufe rana, amma cikowar teku ba ta saɓa alkawari.

Faransa ce ta fara gina babbar tashar irin wannan lantarki a bakin Kogin Rance cikin 1966, mai ƙarfin megawat 240. Koriya ta Kudu ta buɗe tata a Tafkin Sihwa cikin 2011, mai megawat 254. Waɗannan biyun madatsai ne, ana tare ruwa a sake shi ta cikin injuna, kusan kamar yadda ake yi a Kainji. Daga baya sai aka ɓullo da wata hanya wadda ba ta bukatar madatsa, watau a kafa farfela a cikin ruwa a wani matsattsen mashigi inda teku ke gudu da ƙarfi. An kafa wani inji mai suna SeaGen, mai megawat 1.2, a mashigin Strangford da ke Ailan ta Arewa cikin 2008, ya yi aikinsa har aka kammala cire shi cikin 2019. A mashigin Pentland kuma, a can ƙuryar arewacin Sikotilan, aikin MeyGen, mai injuna huɗu, kowanne megawat 1.5, ya fara ba da wuta cikin 2016.

Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, don haka ƙaramar farfela a cikin ruwa na iya yin aikin babba a kan tudu. Daɗin daɗawa, idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinsa yakan ninka sau takwas ne. Ke nan kuskure kaɗan wajen auna gudun ruwa na iya jawo asarar maƙudan kuɗi ga wanda ya kafa inji a inda bai dace ba.

WAHALAR AWO A RUWA MAI GUDU

A nan ne gizo ke saƙa. Wurin da ya fi dacewa da injin shi ne wurin da ya fi wuyar aunawa. A mashigin Pentland ruwa kan yi gudun mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa guda, gudun da ke wahalar da ƙaramin jirgin ruwa. Hayar babban jirgi da ma'aikatansa kuwa abu ne mai tsada. Na'urar da ake nitsarwa ƙarƙashin teku tana auna gudun ruwa da amo tana da inganci, amma labarin wurin da aka ajiye ta kaɗai take bayarwa.

Ban da wannan, hukumomin ƙasashen ba su ba da izinin kafa inji sai an nuna musu cewa ba zai halaka kifaye da tsuntsaye da sauran dabbobin teku ba. A farkon aikin SeaGen sai da aka sa ma'aikaci ya riƙa tsaro a kan injin, yana duban wasu dabbobin teku masu shayarwa, masu ɗan kama da ayu, domin a tsayar da farfela idan sun matso kusa. Idon mutum kuwa yakan gaji, kuma daga gefe yake kallo, ba daga sama ba.

Wannan ne ya sa masu bincike suka juya ga ƙaramin jirgi marar matuƙi, irin mai farfela huɗu wanda ake gani yana shawagi a wuraren biki yana ɗaukar hoto. A jami'o'in Belfast da Plymouth, Lilian Lieber da Alex Nimmo-Smith da abokan aikinsu sun tayar da irin wannan jirgi a kan mashigin Strangford. Cikin 2019 suka bayyana cewa wasu tsuntsayen teku masu cin kifi sukan taru da yawa a bayan ginshiƙin injin, inda ruwa ke murɗawa yana taso da ƙananan kifaye zuwa sama. Ashe ginin da ɗan Adam ya kafa ya zame wa tsuntsaye wurin kiwo. Wasu masu binciken a Sikotilan da Wales sun bi sawu, suna amfani da hoton jirgin wajen auna gudun ruwa da gane wuraren da yake tafasa yana juyawa.

AIKIN NA MANHAJA NE

Ya kamata mai karatu ya lura cewa jirgin ba shi ne gwanin ba. Shi dai ɗan aike ne, ya hau sama ya ɗauko hoto. Ainihin aikin yana ga manhajar da ke cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ke karanta hotunan. Aikinta kashi uku ne.

Na farko shi ne awon gudu. Jirgin zai tsaya cik a sama, kamar mita 100 daga fuskar ruwa, ya ɗauki hoto mai motsi, wanda a haƙiƙa jerin hotuna ne 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. A fuskar ruwa kuwa ba a rasa kumfa ko ganye ko kara ko wata 'yar alama. Manhaja za ta kama alamar a hoto na farko, ta neme ta a hoto na gaba, ta lissafa tazarar da ta yi. Idan kumfa ta yi tafiyar mita biyu a daƙiƙa guda, an san gudun ruwan wurin ke nan. Haka za ta yi wa dubban alamomi a lokaci guda, har ta fitar da taswirar da ke nuna inda ruwa ke gudu, da inda yake kwance, da inda yake komawa baya.

Na biyu shi ne zanen ƙasa. Jirgin zai yi ta kai da komo a kan fili kamar mai huɗa, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kowanne yana hawa kan kashi 70 ko 80 cikin ɗari na wanda ya gabace shi. Da yake an ga kowane dutse da kowane rufin ɗaki daga kusurwoyi da yawa, manhaja na iya lissafa tsayinsa, kamar yadda idanu biyu ke sa mutum ya gane nisan abu. Idan ma'aikatan safiyo sun kafa 'yan alamomi a ƙasa waɗanda aka san matsayinsu daidai, za a sami taswirar tudu da kwari wadda kuskurenta bai wuce 'yan santimita ba. Akwai irin wannan manhaja ta sayarwa, akwai kuma ta kyauta kamar OpenDroneMap.

Na uku shi ne ƙirga. Ana nuna wa manhaja hotunan tsuntsu ko na jirgin ruwa masu yawa har ta iya gane su da kanta, sa'an nan a bar ta ta bi dubban hotuna tana ƙirgawa ba gajiya.

Wani abin sha'awa shi ne, dabarar awon gudu daga hoto ba a teku aka haife ta ba. Wani malami ɗan ƙasar Japan mai suna Ichiro Fujita shi da abokan aikinsa ne suka raya ta a shekarun 1990 domin auna koguna a lokacin ambaliya, sa'ad da shiga ruwa da kwalekwale ganganci ne. Masu aikin teku aro suka yi, suka ƙara mata gishiri. Don haka idan aka kawo ta Kogin Kaduna, gida ta dawo.

KOGIN DA KE CIYARWA, YAKE KUMA CINYEWA

Kaduna dai ba ta da teku, kuma ko a Legas bambancin cika da janyewa bai cika wuce mita guda ba, alhali a mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16. Saboda haka ba wanda ke cewa a kafa injin teku a nan. Abin da Kaduna ke da shi kogi ne mai tsawon kimanin kilomita 550, wanda ya taso daga kusa da Vom, ya ratsa birnin ya raba shi biyu, ya je ya faɗa Kogin Kwara daura da Pategi. Daga kadojin da ke cikinsa ne ma aka ce garin ya samo sunansa. Shi ma yana da tasa cikowar da janyewar, sai dai sau ɗaya a shekara. Da rani duwatsu su fito fili har yara su riƙa tsallakawa, da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ya cika ya kawo iya wuya.

A kan wannan kogi ne aka gina madatsar Shiroro, mai megawat 600, wadda ta fara aiki cikin 1990. A ƙasa da ita kuma aka gina ta Zungeru, mai megawat 700, wadda aka soma cikin 2013 aka kammala bayan shekara goma. Jimla megawat 1,300 ke nan, watau fiye da ninki biyar na tashar Rance. Masu kula da waɗannan madatsai suna bukatar sanin ruwan da ke tafe tun kafin ya iso. Idan sun saki ruwa da wuri, wuta za ta yi ƙaranci da rani. Idan sun makara, tilas su buɗe ƙofofi gaba ɗaya, gonaki da ƙauyukan da ke ƙasa su sha. Haka nan yashi da laka da zaizayar ƙasa ke turowa daga sama suna cike cikin tafkin sannu a hankali, suna rage ruwan da zai iya riƙewa.

Mutanen birnin kuwa ba su bukatar a ba su labarin ambaliya. Manya ba su manta da ta shekarar 2003 ba, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu a Kaduna. Cikin 2012, a lissafin Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, ta kuma raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu. Ta 2022 ta ci rai fiye da 600. Mazauna titin Kigo da Rafin Guza da wasu sassan Tudun Wada da Nasarawa sun san cewa idan damina ta yi nisa, barci da ido ɗaya ake yi.

Hukumar kula da yanayin koguna ta ƙasa, watau NIHSA, takan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wannan aiki ne mai amfani. Amma magidanci ba ƙaramar hukuma yake tambaya ba, layinsu yake tambaya. Yana so ya sani, idan kogi ya ƙaru da mita ɗaya, shin ruwan zai tsaya a bakin masallaci ne ko zai shigo tsakar gida? Amsar irin wannan tambaya sai da taswira mai nuna tudu da kwari dalla dalla, kuma irin taswirar da hoton jirgi marar matuƙi ke bayarwa ke nan.

Ga ɗalibai, ga misalin lissafin. A ce faɗin kogi a wani wuri mita 200 ne, zurfinsa a matsakaici mita 3, hoton jirgi kuma ya nuna fuskar ruwa na gudun mita 2 a daƙiƙa. Ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba saboda gogayya da yashi da duwatsu, don haka masana sukan ɗauki kimanin kashi 85 cikin ɗari na gudun sama, watau mita 1.7. A ninka 200 da 3 da 1.7, za a sami 1,020. Ma'ana, ruwa mai cika akwatin da ke da mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi har guda 1,020 ke wucewa kowace daƙiƙa. An sami wannan ba tare da an sa ran kowa cikin haɗari ba.

A unguwa irin Kurmin Mashi, wadda ba a bakin kogi take ba, amfanin ya fi kusa da gida. Hoton da aka ɗauka a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, zai nuna kwalbatin da shara ta toshe, da ginin da aka ɗora a kan hanyar ruwa, da bakin ƙoramar da ke zaizayewa yana matsowa gindin katanga. Idan aka sake ɗauka a watan Oktoba aka gwada su, za a ga abin da damina ɗaya ta ci. A bakin kogi kuma za a iya bin sawun ramukan masu haƙar yashi, da faɗin gonakin fadama, da wuraren da launin ruwa ke sauyawa saboda abin da ake zubarwa a ciki.

KAYAN AIKI NA NAN KUSA

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, da wuya a sami wani gari a Nijeriya da ya tara masu wannan sani kamar Kaduna, kuma yawancinsu tafiyar 'yan mintoci ce daga Kurmin Mashi. A hanyar Mando akwai Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979 domin horar da ma'aikatan ruwa. A sansanin mayaƙan sama akwai Kwalejin Fasaha ta Sojan Sama. A nan Kaduna ne Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a watan Disamba na 2013, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da Tsaigumi a watan Fabrairu na 2018. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana yaye ma'aikatan safiyo da masu zanen taswira, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Gwamnatin jiha ta kafa hukumar KADGIS cikin 2015 domin adana bayanan filaye a na'ura. Cikin 2022 kuma kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa daga Pambeguwa.

Akwai kuma abin koyi daga wata ƙasar Afirka. A birnin Darussalam na Tanzaniya, an fara wani shiri cikin 2015 mai suna Ramani Huria, watau taswirar kowa da kowa a harshen Suwahili, tare da taimakon Bankin Duniya. Ɗaliban jami'a ne suka shiga unguwannin da ambaliya ke addaba, riƙe da hotunan da jirage marasa matuƙa suka ɗauko, suna bin lambatu ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar mazauna iya inda ruwa ya kai a shekarun baya. Hoto ya ba da siffar ƙasa, dattawan unguwa suka ba da tarihi. Ba abin da zai hana ɗaliban Kaduna yin irin wannan a lokacin da ake tura su koyon aiki.

INDA DABARAR TA GAZA

Kowane allazi da nasa amanu. Ƙaramin jirgi ba ya daɗewa a sama kafin batirinsa ya ƙare. Ba ya tashi cikin ruwan sama ko iska mai ƙarfi, alhali kuwa a lokacin ne aka fi bukatarsa. Da dare hoton ba ya fita. Ƙyallin rana a fuskar ruwa yakan ruɗa manhaja, iska kuma takan kora kumfa ta wata fuska dabam da inda ruwa ya nufa. Hazon hunturu yakan dusashe hoto. Uwa uba, jirgin ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin jan ruwan damina, don haka zurfin kogi sai an auna shi da wata na'urar, ko kuma a zana gindin kogin da rani lokacin da ruwa ya janye. Ko masu aikin teku ba su yar da tsofaffin na'urorinsu ba, gwada sakamakon biyun suke yi. A nan ma sandar awo da ke kafe a gindin gada, da ma'aikacin da ke karanta ta safe da yamma yana rubutawa a littafi, suna nan da muhimmancinsu.

Sai batun doka. Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa ta gargaɗi jama'a cewa ba a tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Wannan ya fi shafar Kurmin Mashi, wadda ke maƙwabtaka da tsohon mazaunin Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja, ga kuma sansanin mayaƙan sama ba nisa. Ɗalibin da ya sayi jirgi a kasuwa ya tayar da shi a nan ba tare da takarda ba, ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Aikin na hukuma ne da makarantu, bisa tsari da sanin jami'an tsaro.

Abu mafi nauyi shi ne yardar jama'a. A daren 3 ga Disamba, 2023, wani jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu bikin Mauludi a ƙauyen Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba za a zargi mutumin Kaduna ba idan ya ji ƙugi a sama gabansa ya faɗi. Ban da tsoro akwai kuma batun sutura, domin gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama, tsakar gida kuwa wurin iyali ne. Wasu kuma za su ɗauka hoton share fagen rusau ne. Saboda haka wajibi ne a fara da mai unguwa da limamai da shugabannin coci da ƙungiyoyin matasa, a faɗi rana da sa'a, a bayyana wanda zai riƙe hotunan da abin da za a yi da su, sa'an nan a dawo a nuna wa mutane taswirar unguwarsu.

ABIN DA YA RAGE

Babban darasin da ke cikin aikin masu auna teku ba sayen jirgi ba ne. Darasin shi ne naci. Sukan auna wuri kafin a kafa inji, su auna bayan an kafa, su maimaita a wuri guda ta hanya guda, su adana sakamakon inda wani zai same shi. Hoto ɗaya abin kallo ne kawai, amma hoton wuri guda na shekara goma a jere hujja ce da za a iya kai wa gaban majalisa a nemi kuɗin kwalbati, ko a hana ba da fili a kan hanyar ruwa.

A nan ne ma'aikatan gwamnati suke da rawar takawa. An sha ganin kayan aiki masu tsada da aka saya da biki, suka ƙare a cikin kwali a sito saboda ba a yi tanadin batir ba, ko an yi wa wanda ya iya aikin canjin wurin aiki. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. A zaɓi wurare kaɗan a kan kogi da manyan ƙoramu, a ɗauki hotonsu sau biyu ko uku a shekara, a sa kuɗin aikin a cikin kasafi, a horar da mutum fiye da ɗaya, a kuma yarda ma'aikatar muhalli da hukumar tsara birane da hukumar agajin gaggawa da masu kula da madatsai su ga abin da aka samu ba tare da doguwar wasiƙa ba.

Cikin 1967 Max Lock da abokan aikinsa suka fitar da tsarin birnin Kaduna, suka yi hasashen yadda zai kasance har zuwa 2017. Wa'adin ya cika ya wuce, birnin ya bazu zuwa inda a da gonaki ne da kurmi, ƙasar da ke shanye ruwa ta koma kwano da siminti. Ruwan Agusta kuwa bai fasa zuwa ba, kuma zai sake cika lambatun Kurmin Mashi ya gangara kogi kamar yadda ya saba. Tun ran gini, ran zane. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyashe mu sharrin ambaliya.